Laftof Ɗin Da Ke Barci Idan Na Sunkuyar Da Kai

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kula da kwamfutocin makarantarmu ta 'yan mata, a nan Lafia.

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyali da dukan ma'aikatanku. Ya aiki, ya zafin nan?

Sunana Hafsatu, ina ajin ƙarshe na sakandare. Ba ku san fuskata ba, amma kun san labarina, domin ni ce ɗalibar da ma'aikacinku ya ce a nisanta ta da kwamfuta. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba sai wadda ake sa mu a jarrabawa, don haka ku yi haƙuri da kurakuraina. Na zaɓi rubutu ne saboda na san abin da zai faru in na zo ofishinku: zan gaishe ku, in kafa ido a kan takalmana, in koma gida ban faɗi komai ba. Na kuma sa maganar a fili saboda a fili aka yanke mini hukunci, a gaban dukan makaranta.

Na ɗaya. Ɗakin kwamfutarmu a da ɗakin kimiyya ne. Teburansa masu tsawo ne, an yi su don a tsaya a yi gwaji, kujerun kuwa gajeru ne, daga ajin ƙananan yara aka kwaso su. Ni kuma Allah bai ba ni tsawo ba. In na zauna, bakin laftof kusan daidai yake da haɓata. A haka nake karatu tun bara ba tare da wata matsala ba. Na koyi buga rubutu ba sai na duba yatsuna ba, kuma malamarmu ta kwamfuta, Malama Rifkatu, shaida ce. Ina son ɗakin nan fiye da ko'ina a makaranta, saboda kwamfuta ba ta kallon mutum in ya yi kuskure. Kun kuma san jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta ake yin ta, ga ta nan tafe, kuma babu kwamfuta a gidanmu. Ɗakin nan ne kaɗai wurin da zan iya yin atisaye.

Na biyu. A farkon wannan zango ma'aikacinku ya zo ya haɗa laftof ɗin da intanet, ya ce zai sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da su. Suka yi ta kashe kansu suna kunna kansu har aka tashi, ya ce an gama, ya hau babur ɗinsa ya tafi. A darasi na gaba Malama ta kira sunana ta yi mini tambaya. Kafin in buɗe baki, fuskar laftof ɗina ta yi baƙi ƙirin. Na taɓa maɓalli, ya farka. Malama ta maimaita tambayar, ya sake komawa barci. Ta ce in koma na gefe. Shi ma ya yi barci. Na bi layin nan kaf, kowanne na zauna a gabansa sai ya kwanta, in na tashi wata ta zauna kuma sai ya yi ta aiki kamar bai taɓa gajiya ba.

Na uku, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo ko da yake kowa dariya yake yi. Kafin a tashi ranar, sunana ya koma Hafsatu Barci. Wasu suka ce lallen hannuna ne. Wasu suka ce hannuna ne ya cika sanyi, aka sa na yi ta murza tafukana kamar mai wanki. Wata ta ce innarta ta san wata mata a Doma da rediyo ke mutuwa in ta shiga ɗaki, kuma sai da aka yi mata ruƙiyya. Malamin addini ya ce su ji tsoron Allah su daina wannan magana, suka daina a gabansa. 'Yan ajinmu suka roƙe ni in riƙa zama a kujerar gaba lokacin darasin lissafi na bayan cin abinci, ko Allah zai sa abin ya kama malamin. Wata 'yar aji ɗaya ta hango ni a baranda, ta rungume kalkuletarta ta canza hanya. Iya mai dafa mana abinci ta miƙo mini jikanta da ya wuni yana kuka, ta ce in taimaka mata don Allah. Yaron bai yi barci ba, Yallaɓai. Abin da ya yi mini a siket ba na rubutawa ba ne. Har Baba mai gadi, wanda bai taɓa yi mini magana ba, ya tare ni cikin ladabi ya ce in babu damuwa in daina bi ta kusa da janareta.

Na huɗu. Da aka kira ku, ma'aikacin nan dai kuka sake turowa. Ban ce bai yi ƙoƙari ba. Ya hure ƙura, ya duba batir, ya duba caja, ya ce duk lafiya. Sannan ya ce a kawo yarinyar. Na zauna na fara buga rubutu, shi kuma wayarsa ta yi ƙara ya juya yana amsawa. Duk tsawon wayar nan laftof idonsa biyu. Da ya gama sai ya tsaya a kaina ya ce, "Ke, wai me kike yi masa ne?" Nan take laftof ya yi barci. Ya kai ni gaban wani, ya ce, "To taɓa mu gani." Shi ma ya yi barci. Sai ya juya wajen Firinsifal ya ce, "Madam, injin ba shi da komai. Matsalar wannan yarinyar ce." Washegari a wajen taron safe aka sanar cewa kada in ƙara shiga ɗakin kwamfuta sai kamfani ya ce in shiga.

Ba na zargin Firinsifal. Amana aka ba ta, kuma masu sani suka faɗa mata. Amma tun daga ranar, in an shiga darasin kwamfuta ni a baranda nake zama, ƙarƙashin taga, da kwalin taliya a cinyata wanda na zana maɓallai a kai. Ina jin Malama tana cewa a danna kaza, ni ma in danna nawa. Kwalin bai taɓa barci ba, amma bai taɓa gaya mini ko amsata daidai ce ba.

Na biyar, yadda muka gano abin. Ina da ƙawa, Dooshima, babanta manomin doya ne. Ita ba ta jin tsoron kowa, shi ya sa muke zama tare, ita ke yin maganar da ta shafe mu mu biyu. Ita ce ta je ta sami Malama ta ce, "Malama, ni na gani da idona. In Hafsatu tana aiki ita kaɗai, injin ba ya barci. Sai ke kin yi magana." Malama Rifkatu ba ta ji haushi ba. Ta ce ita ma abin ya hana ta sakat, ta nemi izini a bar mu mu shiga ɗakin bayan an tashi, ta ce za mu gwada abu ɗaya bayan ɗaya, ba za mu haɗa biyu a lokaci guda ba.

Muka fara da muryarta. Na tsaya can bakin ƙofa, Malama ta tsaya gaban laftof ba kowa a kujera, ta yi masa tambayar da ta yi mini, ta ɗaga murya, har ta buga tebur. Bai ko ƙifta ba. Sai aka zaunar da ni, aka yi shiru, na yi ta rubutu, lafiya lau. Malama ta kira sunana, ya yi barci. Nan Dooshima ta ce ta ga abin da nake yi: duk wanda ya girme ni in ya yi mini magana, kaina ƙasa yake yi. Ban san ina yi ba, Yallaɓai. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ban taɓa tunanin abu ne da za a iya gani ba. Don a tabbatar, Dooshima ta tsaya bayana ta tallafe haɓata da hannu biyu, Malama ta tsaya gabana ta yi mini tambaya tana kallon cikin idona. Laftof bai yi barci ba. Ni ce dai na kusa suma. Da ta sake ni kaina ya faɗi, shi ma ya bi ni.

To sunkuyar da kai ne. Amma Dooshima ta zauna ta sunkuya har goshinta ya taɓa maɓallai, babu abin da ya faru. Muka ce ko sai mai hijabi, tunda ita hular makaranta take sawa. Aka kira Bilkisu, shugabar ɗalibai, aka ce ta sunkuyar da kai. Ta sauke idonta kaɗan ta ce ta sunkuyar. Aka ce ta ƙara, ta ce iyakarta ke nan, wuyanta ba ya wuce nan ko gaban babanta. Ga ta kuma doguwa, tsakanin haɓarta da teburin kamar tsakanin Lafia da Awe. Sai Malama ta ara mini gyalenta na yafa, Dooshima ta sa hijabina, ta zauna a kujerata, ta yi irin fuskar da ta ce nake yi, ta sunkuya. Laftof ya yi barci. Ihun da ta yi sai da Baba mai gadi ya leƙo da sandarsa.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. A makarantarmu an hana sa fil a hijabi, tun lokacin da ya soki wata a layin karɓar abinci. Dukanmu da ƙaramin maganaɗisu muke maƙale hijabi a ƙarƙashin haɓa, irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Malama ta cire shi daga hijabin ta ɗora a gefen laftof, can gaba inda mutum ke aza hannu, sai barci. Ta ɗauke, ya farka. Ta bayyana mana cewa a jikin murfin laftof akwai maganaɗisu, a ƙasa kuma akwai ɗan abin da ke jin kusantowarsa, ta haka kwamfuta ke gane an rufe ta. Wato duk lokacin da na sunkuya, laftof ɗin yana ɗauka murfinsa aka rufe. Kowace mai hijabi a ajinmu tana da maganaɗisun nan. Ni kaɗai ce na haɗa gajarta da kunya.

Na shida, kuma don Allah ku karanta wannan da kyau, saboda nan ne naku laifin yake. Na yi murna da farko, sannan na ce ashe dai laifina ne. Malama ta ce in tsaya. Ta tambaye ni tun yaushe nake sa maganaɗisun, na ce tun bara. Tun yaushe nake sunkuyar da kai, na ce tun ina yarinya. Tun yaushe teburin yake haka, tun kafin mu zo. Ta ce to duk waɗannan ba su ne suka canza ba, sai mu nemi abin da ya canza.

Allah ya taimake mu da wani laftof guda da ke kulle a kabad ɗin ofis. Ranar da ma'aikacinku ya zo sabuntawa, mataimakiyar Firinsifal ta tafi biki garin Ashige da makullin a jakarta, don haka shi bai sami sabuntawar ba. Iri ɗaya ne da sauran, rana ɗaya aka kawo su. Aka ajiye mini shi a teburin nan, na mayar da hijabina da maganaɗisunsa. Na sunkuya masa yadda nake sunkuya wa Malama. Na sunkuya masa yadda nake yi wa Firinsifal. Na yi masa irin sunkuyawar da nake yi wa kawuna, wadda har kafaɗa take shiga. Yallaɓai, ban taɓa girmama wani abu yadda na girmama laftof ɗin nan ba, kuma ko gyangyaɗi bai yi ba.

Malama ta ci gaba da gwaji da maganaɗisu biyu, nawa da na Bilkisu. Ta gano abin da ke jin murfin guda biyu ne a kowane laftof, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ba a sabunta ba, sai an ɗora maganaɗisu a ɓangarorin biyu lokaci guda yake barci, kamar yadda murfi na gaskiya zai yi. Waɗanda aka sabunta kuwa, ɓangare ɗaya ya ishe su. Ta nuna mana cewa tsakanin babbar manhaja da kowane sashe na jikin kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, ita ke fassara wa kwamfuta abin da sashen ya ji. Ta buɗe wurin da ake duba su a laftof biyun, muka ga direban wannan sashe ba iri ɗaya ba ne, na waɗanda aka sabunta sabo ne. Tsohon direba sai ya ji shaidu biyu yake yarda an rufe murfi. Sabon yana yanke hukunci da shaida ɗaya. Ban ce ya yi kama da kowa ba.

Ba mu tsaya nan ba. A laftof ɗin Malama, wanda shi kaɗai take da kalmar sirrinsa, ta mayar da tsohon direba. Na sunkuya, bai yi barci ba. Ta haɗa shi da intanet, muka bar shi ya yi abin da yake yi, sai ga sabon direban ya dawo da kansa ba wanda ya gayyace shi. Na sunkuya, ya yi barci. Ta sake mayarwa, ya warke. Duk wanda ya ga dama zai iya zuwa ya maimaita wannan da hannunsa. Sauran laftof ɗin kuwa a kulle suke da kalmar sirri da ke hannun kamfaninku, Malama ba ta da ikon canza komai a cikinsu.

Na bakwai. Malama ta kira ofishinku ta yi duk wannan bayani. Amsar da aka ba ta ita ce, yarinyar ta cire maganaɗisun ko ta ɗaga kanta. Tun daga nan wayarku ba a ɗauka.

Na cire. Na sa zare da allura na ɗinke hijabin, yanzu ta kai nake zura shi kamar buhu. Na je wa Firinsifal tare da Dooshima, Dooshima ta yi bayani. Firinsifal ta ce ta yarda, amma kamfani ne ya hana, kamfani ne zai janye, kuma a rubuce. Don haka har yau ina baranda, ba maganaɗisu, ba laftof.

Ɗaga kai kuma na gwada, kada ku ce ban bi shawara ba. Na ce bari in fara a gida inda aka san ni. Sai aka yi rashin sa'a kakata ta zo mana daga Awe, inda ta yi rayuwarta tana dafa gishiri. Na kawo mata ruwa, ta tambaye ni karatu, na cije na dube ta ido cikin ido na amsa. Ta ajiye kofin. Ta kira mahaifiyata ta ce, "Zo ki ga abin da kuke biya wa makaranta. Wa ya koya wa yarinyar nan ƙura wa manya ido?" Na yi mata bayanin direba iyakar iyawata. Abin da ta fahimta shi ne akwai wani kamfani a cikin gari da ya ce jikarta ta daina kunya. Ta tambayi inda ofishinku yake, ta ce a nemo mata mai keke. Na roƙe ta ta bari in fara rubuto muku. Ta yarda, amma ba ta koma Awe ba tukuna, kuma mayafinta na fita yana rataye a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ya wuce ni. Zango mai zuwa 'yan aji ɗaya za su fara shiga ɗakin nan. Na duba su a wajen taron safe. Yawancinsu ba su kai ni tsawo ba, kuma akwai waɗanda in malami ya yi tari ma sai kansu ya yi ƙasa. In ba a gyara ba, barandar ba za ta ɗauke mu ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da nake roƙo.

Ku turo wanda zai mayar da tsohon direba a dukan laftof ɗin, ya kuma hana sabon dawowa har sai masu yin sa sun gyara shi. In aiki ya yi muku yawa, ku ba Malama Rifkatu kalmar sirrin, ta riga ta iya.

Ku sanar da waɗanda suka yi direban abin da muka gani, da yadda za su gwada: maganaɗisu ɗaya a gefe ɗaya. Ba sai sun nemo mai kunya ba.

Ku rubuta wa Firinsifal cewa kun janye maganarku a kaina, kuma ku yi hakan da wuri, domin jarrabawa ba za ta jira ni ba, kuma ba a kan kwali za a yi ta ba. In zai yiwu a karanta takardar a wajen taron safe, inda aka sanar da hukuncin farko, zan gode. Wataƙila Baba mai gadi ya bar ni in koma bin hanyata.

Ba na roƙon a hukunta ma'aikacinku. Abin da ya gani ya faɗa, sai dai bai tambayi abin da ya canza ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ba ku lafiya da tsawon rai, ya raya muku 'ya'yanku, ya sa duk injin da kuka taɓa ya warke. Allah ya sa kada a taɓa yanke muku hukunci kafin a gama bincike.

Ranar da za ku zo, Yallaɓai, zan ari maganaɗisu in sa, in zauna a kujerata, in gaishe ku yadda ya dace da girmanku. Kada ku ji haushi in ban dube ku ba, kuma kada ku jira in yi magana. Ku dubi fuskar laftof ɗin kawai. In na gama gaisuwa yana nan idonsa biyu, kun gyara.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Hafsatu,
ajin ƙarshe, daga baranda.